Tarihin Dokar Shinge da Tazarar Gidaje a Amurka

A yawancin garuruwan Amurka, mallakar fili ba ta ba mutum damar yin gini yadda ya ga dama. Hukumar gari ce take ƙayyade tsawon shingen da zai yi, da tazarar da zai bari tsakanin bangon gidansa da iyakar maƙwabcinsa. Galibi shingen gefe da na baya ba ya wuce ƙafa 6, wato kusan mita 2, na gaba kuwa ƙafa 3 ko 4. Wannan takarda za ta duba asalin waɗannan dokoki.

A ƙarni na 19 yawancin kotunan ƙasar suna ganin cewa mai fili yana da ikon gina abin da yake so a filinsa, ko da don ƙuntata wa maƙwabci ne. Sanannen misali ya faru a birnin San Faransisko a shekarun 1870. Wani attajirin kamfanin jirgin ƙasa, Charles Crocker, ya saye filayen da ke kewaye da inda yake gina gidansa, amma wani Bajamushe mai sana'ar shirya jana'iza, Nicholas Yung, ya ƙi sayar masa da nasa. Sai Crocker ya kewaye gidan Yung ta ɓangare uku da shingen katako mai tsawon ƙafa 40, kimanin mita 12. Gidan ya rasa rana da iska, har Yung da iyalinsa suka tashi. Duk da haka bai sayar da filin ba. Sai a farkon ƙarni na 20, bayan mutuwar su biyun, magada suka daidaita, aka rushe shingen.

Irin wannan shingen ƙeta ne ya sa jihar Masacusets ta kafa doka a 1887. Dokar ta ce duk shingen da ya haura ƙafa 6 ba tare da wata bukata ba, aka kuma yi shi don cutar da maƙwabci, to maƙwabcin yana iya kai ƙara. A 1889 babbar kotun jihar ta tabbatar da dokar. Sai dai tana da rauni: dole mai ƙara ya nuna mugun nufin mai shingen, alhali kuwa labarin zuciya sai mai ita.

Mafita ta zo daga birnin Niyok. A 1915 aka kammala wani dogon bene mai suna Equitable, wanda inuwarsa ta rufe gine-ginen da ke kusa da shi. A 1916 birnin ya fitar da dokar da ta rarraba shi shiyya-shiyya, kowace shiyya da irin ginin da aka yarda a yi da kuma filin da za a bari. Daga nan aka daina tambayar nufin mai gini, aka koma ga awo. A 1924 Ma'aikatar Kasuwanci, a ƙarƙashin Herbert Hoover, ta buga samfurin doka da jihohi suka kwaikwaya, wadda ta ba garuruwa ikon ƙayyade girman filin da za a bari a kewayen gida. Dalilan da aka bayar su ne samun haske da iska, da kuma hana gobara tsallakawa daga gida zuwa gida.

Masu filaye ba su yi shiru ba. Wani kamfani ya kai ƙarar garin Euclid na jihar Ohayo, yana cewa dokar ta karya darajar filinsa. A 1926 Kotun Ƙoli ta ba garin gaskiya. A 1927 kuma ta amince da dokar da ta tilasta barin tazara tsakanin gida da titi.

A taƙaice, cikin shekara 40 haƙƙin maƙwabci ya tashi daga shari'ar mutum biyu ya koma ma'aunin da ya hau kan kowa. Amma muhawara ba ta ƙare ba. A yau masu sukar dokokin suna cewa filin da ake tilasta bari yana rage yawan gidaje, ya ƙara musu tsada, har mai ƙaramin ƙarfi ya kasa zama a unguwar. Saboda haka wasu garuruwa sun fara sassauta su.