Suna ko Yawan Dannawa? Sake Duba Ƙa'idojin Tsara Bayanai a Manyan Gidajen Yanar Gizo, da Misalin GOV.UK

Tsakure

Maƙalar ta ƙalubalanci wasu ƙa'idoji biyu da masu zana gidajen yanar gizo suka haddace tamkar karatun allo: cewa kada bayani ya yi nisan da ya wuce dannawa uku daga shafin farko, da cewa kada jerin zaɓi ya haura abu bakwai. An sake karanta gwaje-gwajen da aka wallafa tsakanin 1981 da 2003, an kuma nazarci yadda gwamnatin Birtaniya ta haɗe shafukanta a GOV.UK. Abin da ya fito shi ne, mai nema yakan ɓata ne saboda sunan da aka liƙa wa mahaɗi, da kuma tsarin da ke bin jerin ofisoshi ya bar buƙatar mai shigowa.

Gabatarwa

Gidan yanar gizo mai shafi ashirin ba ya da matsalar tsari, domin ko an zuba shi yadda aka ga dama, mai haƙuri zai zagaye shi. Wahalar tana farawa ne idan shafuka suka kai dubbai, masu rubuta su suka warwatsu a sassa daban-daban, kowa na ganin nasa ya fi cancantar zama a gaba. Tun da Rosenfeld da Morville suka fitar da littafinsu kan tsarin ginin bayanai a 1998, fannin ya samu suna da malamai, amma har yau shawarar da aka fi ji a ɗakin taro ta lissafi ce: dannawa nawa, zaɓi nawa. Tambayar wannan bincike ita ce ko lissafin yana da tushe.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ƙa'idar bakwai an ɗora ta ne a kan maƙalar George Miller ta 1956, wadda ta nuna cewa mutum yakan riƙe abubuwa kusan bakwai a kansa na ɗan lokaci, a ƙara biyu ko a rage biyu. Binciken nan kan tuna abin da aka ɗauke daga gaban mutum ne. Jerin zaɓi kuwa yana nan a fuskar kwamfuta, ba a ce kowa ya haddace shi ba. Ido ne ke bi ya gane abin da yake nema. Ɗauko sakamakon Miller a kai shi can rashin karanta shi ne, kuma abin mamaki ne yadda aka daɗe ana yi.

Gwaje-gwajen da suka taɓa batun kai tsaye sun saɓa wa ƙa'idar. A 1981 Dwight Miller ya jera abubuwa 64 ta hanyoyi huɗu, daga hawa shida masu zaɓi bibbiyu zuwa hawa ɗaya mai ɗauke da duka, ya tarar hawa biyu masu zaɓi takwas-takwas sun fi sauri da ƙarancin kuskure. Mai kare ƙa'idar bakwai zai ce ai takwas ba ta yi nisa ba. To, Larson da Czerwinski na sashen bincike na Microsoft sun rufe wannan ƙofa a 1998. Sun ɗebi batutuwa 512 daga kundin Encarta suka tsara su iri uku: hawa uku na 8 sau 8 sau 8, hawa biyu na 16 sau 32, da hawa biyu na 32 sau 16. Tsarin mai takwas-takwas, wanda ya fi kusa da ƙa'idar, shi ya zo na baya, kuma a cikinsa mutane suka fi ruɗewa. Mai 16 sau 32 ne ya yi gaba.

Ƙa'idar dannawa uku ba ta ma da gwajin da aka ɗora ta a kai. Joshua Porter ya auna ta a 2003 da bayanan mutum 44 da suka yi ayyuka 620, dannawa sama da 8,000, bai ga alamar cewa mutane suna janyewa bayan ta uku ba, bai kuma ga gamsuwarsu ta ragu saboda yawan dannawa ba. Ban da haka, ƙa'idojin biyu ba sa zama inuwa ɗaya. Idan kowane hawa zaɓi bakwai ne, dannawa uku ba za ta kai mutum ga shafuka fiye da 343 ba. Gidan da ke da shafi 100,000 sai dai ya yi hawa shida masu zaɓi bakwai, ko hawa uku masu zaɓi kusan 47 kowanne. Duk wanda ya ce yana bin su duka biyun a babban gida, ɗaya ya karya bai sani ba.

Aikin Pirolli da Card na 1999 kan yadda mutum ke kiwon bayani, da abin da suka kira ƙanshin bayani, wato alamun da ke nuna wa mai nema ko yana kan hanya, shi ne wannan maƙala ta jingina da shi, kuma babu jayayya da shi a nan.

Hanyar Bincike

An bi hanyar nazarin rubuce-rubuce. An kwatanta sakamakon gwaje-gwajen da aka ambata da tarihin GOV.UK kamar yadda yake a bayyane, sannan aka bi wasu buƙatu na yau da kullum a gidan, ana lura da sunayen mahaɗai da hukumomin da ke bayansu.

Sakamako da Tattaunawa

Sakamako na farko gajere ne: faɗi ya fi zurfi, muddin an karkasa zaɓuɓɓukan yadda ido zai iya bi. Dalili kuwa kowane ƙarin hawa yana tilasta wa mai tsari ya ƙirƙiro suna na gama-gari, irin su "Ayyuka" ko "Albarkatu" ko "Sauran bayanai", waɗanda ba sa gaya wa kowa abin da ke bayansu.

Wannan ya kai mu ga sakamako na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan binciken. A 1987 Furnas da Landauer da Gomez da Dumais sun sa mutane su raɗa wa abubuwa suna a fannoni biyar, suka gano cewa yiwuwar mutum biyu su zaɓi kalma ɗaya ga abu ɗaya ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. A lura da nauyin wannan adadi. Ma'aikacin da ya zauna ya zaɓi sunan da ya ga ya fi dacewa, galibin masu shigowa ba da wannan sunan suka zo ba. Mai nema yana tsaye gaban jerin kalmomi yana auna wace ce ta fi kama da abin da ke ransa. Idan ya ga alama mai ƙarfi zai danna sau goma bai gaji ba, don kowace dannawa tana tabbatar masa yana kan hanya. Idan bai gani ba, dannawa ɗaya ma ta yi yawa. Wannan ya yi daidai da abin da Porter ya auna.

GOV.UK ya nuna yadda maganin yake a aikace. Kafin shi, kowace ma'aikata da hukuma a Birtaniya tana da gidanta, ga kuma gidajen gwamnati na Directgov da Business Link a gefe. Rahoton Martha Lane Fox na 2010 ya ba da shawarar a haɗe su, aka kafa sashen ayyukan dijital na gwamnati a 2011, aka buɗe GOV.UK ranar 17 ga Oktoba 2012. Ma'aikatu 24 sun gama komawa cikinsa a 2013, hukumomi sama da 300 suka biyo baya zuwa ƙarshen 2014. An fi yabon sauƙin zanensa, har ya ci lambar zanen shekara ta 2013, amma a ganin wannan bincike yabon ya sauka a gefe. Babban abin da aka yi shi ne raba tsarin gidan da tsarin gwamnati.

Melvin Conway ya faɗa tun 1968 cewa duk abin da ƙungiya ta ƙera yakan ɗauko siffar yadda sassanta ke magana da juna. Gidajen hukumomi da jami'o'i shaida ne: ofishin shugaba, sashen kuɗi, sashen rajista, kowanne da ƙofarsa. Amma wanda ke son koyon tuƙi a Birtaniya bai damu ya san cewa hukumar DVLA ce ke ba da lasisi, hukumar DVSA kuma ke shirya jarrabawa ba. GOV.UK ya jera masa matakan a shafi ɗaya, daga neman lasisin wucin gadi zuwa jarrabawar ka'ida da ta tuƙi, sunan hukuma ya koma baya. Haka wanda aka yi wa rasuwa: rajistar mutuwa, sanar da hukumomi, batun haraji da rabon gado suna hannun ofisoshi daban-daban, amma shi a hanya ɗaya yake tarar da su. Sunayen shafukan ma an mayar da su aikatau, wato abin da mutum ya zo yi. Harajin da doka ta ba dogon suna, shafinsa umarni ne kawai na ka biya harajin abin hawanka. Wannan ya yi amfani sau biyu, domin masu yawa ba ta shafin farko suke shigowa ba, daga injin bincike suke faɗowa tsakiyar gida da kalmomin bakinsu.

Furnas da abokansa sun ba da shawarar a ba kowane abu sunaye masu yawa da za a iya isa gare shi ta kansu, kuma mai gina babban gida da Hausa ya fi kowa buƙatar jin wannan. Mutumin Kano zai nemi makaranta, na Damagaram ya nemi lakwal. Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, mai rubutu a waya kuma sau da yawa yakan bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa. Akwatin neman da bai ɗauki waɗannan a matsayin abu ɗaya ba zai ce babu, alhali akwai.

Iyakokin Bincike

Dole a ambaci wasu iyakoki, ko da yake ba su rushe hujjar ba. Gwaje-gwajen faɗi da zurfi an yi su ne da mutane kaɗan a kan kwamfutar tebur, kuma zaɓi 32 a fuskar waya wani abu ne daban. Dukkansu da Ingilishi aka yi. GOV.UK ya samu goyon bayan ofishin majalisar ministoci da ikon hana ma'aikatu kashe kuɗi a kan nasu gidajen, gatan da mai tsara gidan jami'a ba zai samu ba. Sannan ƙwararru, musamman akantoci da masu ba da shawara kan haraji, sun koka cewa cikakken bayanin da suka saba samu a tsohon gidan hukumar haraji ya yi musu wuyar ganowa bayan ƙaura. Kukan nasu gaskiya ne, sai dai su sun riga sun san sunayen ofisoshi da lambobin takardu, kuma tsohon tsarin dama da harshensu aka rubuta shi.