Ziyarar Kunne Zuwa Duwatsun Bandiyagara

Yau tafiya za mu yi, amma ba sai an nemi izinin maigida ko kuɗin mota ba, kunne kawai za ki ba ni. Ƙasar Mali muka nufa, wajen wani dogon dutse da ake kira Bandiyagara.

Dutsen nan ya miƙe kamar katanga, tsawonsa ya kai kilomita 150, a wasu wurare tsayinsa ya kusa mita 500. Mutanen da ke zaune a kansa da gindinsa sunan ƙabilarsu Dogon. Fulanin yankin kuwa Haɓe suke ce musu, kamar dai yadda suke ce mana.

To, me ya kai mutum gina gida a inda akuya ma sai ta yi dabara? Tsoro ne, 'yar uwa. Wajen ƙarni na 15 suka iso daga ƙasar Mande. Zamani ne na yaƙi da kamun bayi, doki kuma ba ya hawan dutse. Sun tarar da wasu mutane, Tellem, masu gina ɗakuna cikin kogunan dutsen. A kogunan nan aka samo tufafin saƙi tun na ƙarni na 11, suna cikin mafi tsufa a Afirka ta Yamma. Kusa da nan ne kuma Shehu Umaru Futi, surukin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a 1864.

Idan kika hau ƙauye irin Sanga da ke saman dutsen, rumbuna za su fara ɗaukar idonki. Akwai rumbun namiji na gero, akwai na mace. A nata take ajiye zannuwa, kayan ado, kayan miya da 'yan kuɗinta, miji kuma ba ya sa hannu a ciki. Kin ga ashe adakar uwar gida tsohon abu ne.

Shaharar wurin ce ta jawo masa asara. Tun 1931 da ayarin wani Bafaranshe, Marcel Griaule, ya kwashi kaya zuwa Faris, dillalai suka gane hanya. A 1989 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya, baƙi suka ƙaru. Duk shekarar da aka yi fari, sai a ɓalle sassaƙaƙƙiyar ƙofar rumbu ko a ɗauko abin wuyan kaka a sayar. Kuɗi su ƙare cikin wata guda, kayan kuma sun tafi ke nan har abada.

A ƙauyen Fombori, kusa da garin Duwanza, mata ne suka fara yunƙurin kafa ɗan gidan tarihi. Baƙi ba su zo da yawa ba, abin ya so ya mutu. Sai a 1997 aka mayar da shi bankin al'adu. Mace ta kawo tsohuwar ƙwaryarta ko munduwar kakarta a ajiye inda kowa zai gani, a ba ta rancen jari. In ta biya, kayanta na nan nata. Abin da ya fi burge ni, yawan rancen ya danganta ne da yawan labarin da ta sani game da kayan: wa ya yi shi, wa ya gada, me ake yi da shi. Daga baya aka buɗe ƙananan gidajen tarihi a ƙauyuka irin su Nombori da Ende.

Tun 2012 rashin tsaro ya kori baƙi daga yankin, an ƙona ƙauyuka, jama'a da dama sun yi hijira. Allah Ya kawo musu sauƙi, amin.

Yanzu mu dawo gida. Wannan tsohuwar tasa ko taskira da ke ƙarƙashin gadonki, kin san ta wace ce? Kafin dillaliya ko mai gwangwan ya ɗauke ta a kuɗin sabulu, tambayi Inna ko Goggo tun suna raye, ki faɗa wa 'yarki, in ta iya rubutu ta rubuta. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.