Wa Ke Biyan Kuɗin Ayyukan Jama'a? Waiwaye Daga Zamanin En'e

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa yawancin gardamar da ake yi tsakanin matakan gwamnati a Nijeriya ta samo asali ne daga raba mai tara kuɗi da mai yin aiki.

A shekarar 1909, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka fara kafa Baitulmali a Katsina, daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa. Dagatai da hakimai su ke tara haraji da jangali, a ba Gwamnatin Turawa kasonta, saura ya shiga Baitulmali. Daga ciki ake biyan alƙalai da 'yan doka da malaman elemantare, a kuma gyara hanyoyi da kasuwanni. Da irin wannan kuɗi ne En'e ta Kano ta jawo ruwan famfo daga Calawa a 1931. Ba a musun cewa an yi zalunci wajen karɓar haraji, domin talakawa da yawa sun bar garuruwansu saboda shi. Amma duk da haka mai biya ya san hannun da ya karɓi kuɗinsa.

Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya mai da ƙananan hukumomi mataki na uku, aka kuma soma ba su kaso daga Tarayya, wanda akasarinsa kuɗin man fetur ne. A 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji. Talaka ya huta, amma igiyar da ta ɗaure hukuma da mai biya ta tsinke.

Makarantar firamare ta ishe mu misali. Tarayya ta ƙaddamar da ilimi kyauta a 1976, jiha ke tafiyar da shi, albashin malamai kuwa ya rataya a wuyan ƙaramar hukuma. In rufin aji ya yaye, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa.

Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, har a 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Wannan hukunci ya fayyace hanyar da kuɗi zai bi. Abin da ya rage wa mahalarta wannan taro su tattauna shi ne: wa talaka zai tuhuma in ba a yi aikin ba?