Da Wane Mudu Ake Auna Kiɗan Jump-Up?

Kiɗan drum and bass ya tsiro ne daga kiɗan jungle a farkon shekarun 1990, a biranen Landan da Biristol na Ingila, inda 'ya'yan mutanen Jamaika da sauran matasan unguwannin talakawa suka haɗa gurnanin manyan lasifikun rege da gangar da ake yankowa daga tsofaffin faya-fayai. Gudunsa yakan kai bugu 174 a minti ɗaya. Tun a tsakiyar shekarun ya yi rassa, kuma reshen da masu sharhi suka fi rainawa shi ne jump-up, wanda irin su DJ Hype da DJ Zinc da Aphrodite da Micky Finn suka haɓaka shi. Wannan maƙala tana ganin cewa rainin ya samo asali ne daga mudun da ake awon da shi, don kuwa aro aka yi daga wata kasuwa dabam.

An sassaƙa wancan mudun ne a kan faya-fayan saurare. A 1995 makaɗi Goldie ya fitar da faifan Timeless, wanda kiɗansa na farko ya haura minti 20, sannan a 1997 Roni Size da ƙungiyar Reprazent suka lashe kyautar Mercury da faifan New Forms. Daga nan 'yan jarida suka saba neman tsawo da zurfin tunani da ƙamshin jaz a duk abin da aka kawo musu. Da suka juya ga jump-up sai suka tarar da 'yan sautuka uku ko huɗu ana ta nanatawa, suka yanke hukuncin cewa babu fasaha a ciki. Alhali makaɗin jump-up mutum biyu yake yi wa aiki: DJ da zai gauraya kiɗan da wani, da kuma taron da zai taka.

Tsarin kiɗan da kansa shaida ne. Yakan buɗe da shimfiɗa ta gaɓa 32, wato kimanin daƙiƙa 44, wadda kusan ganga ce tsura. Mai saurare a ɗaki zai ce ɓata lokaci ne, amma a nan ne DJ yake samun filin ɗora sabon faifai a kan wanda yake ƙarewa. Sai ganga ta ɗauke, wuri ya yi tsit kamar ruwa ya ci mutane, sannan gurnanin ya faɗo gaba ɗaya, har mutum ya ji shi a ƙirji kafin kunne ya tantance. Idan taro ya ɓarke da ihu, DJ yakan murɗa faifan baya ya sake daga farko, al'adar da aka gada daga Jamaika. Mafi kaurin wannan amo yana wajen haz 40 zuwa 60, kuma lasifikar wayar hannu ba ta iya fitar da shi. Wanda ya rubuta sharhi daga waya rabin kiɗan kawai ya ji, kamar mai auna kiɗan dambe ba tare da ya je fage ba.

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan ra'ayi, kuma ya kamata a amsa ta. Ana iya cewa idan ihun taro ne alƙali, to mai sharhi ya zama maroƙi. Sukar tana da tushe, domin manhajojin haɗa sauti sun sa ɗaruruwan makaɗa suna amfani da muryar gurnani iri ɗaya, kuma taro yakan yi wa sabon abu ihu yau ya manta da shi mako mai zuwa. Sai dai wannan ne ma ya sa ake bukatar manazarci mai kunne. Shi zai gaya mana ko makaɗin ya ƙera muryarsa ne ko ya kwaso ta, ko ya bar gurbi tsakanin gurnani da ganga don kowanne ya yi numfashi, ko kira da amsar da ke tsakanin sautukan suna da ma'ana, ko kuma faɗowa ta biyu ta ƙara wani abu a kan ta farko. Zai kuma gwada faifan a cikin gauraye, ya ji yadda yake zama da na wasu.

Awo na ƙarshe shi ne daɗewa. Kiɗan Mr Happy na DJ Hazard da Distorted Minds ya fito a 2007, kuma shekaru bayan haka ana jin dubban mutane suna rera gurnaninsa da baki a manyan bukukuwa irin Rampage na birnin Antwaf a Beljiyam. 'Yan sautukan da aka raina su ne suka zauna a bakin jama'a. Don haka mai sharhin sabon faifai ya fara zuwa inda ake takawa, ya tsaya kusa da lasifika, ya kuma koma bayan wata uku ya ji ko har yanzu DJ suna ɗauke da shi. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma alƙalamin da ke sharhi a kansu ya cancanci ya bi sahu.