Kejin ɗaga ƙarfe a gida: yadda ake haɗa shi, da wanda ya kamata ya fara ganin likita

Kejin ɗaga ƙarfe ginshiƙai ne huɗu na ƙarfe da aka haɗa sama da ƙasa, aka huhhuda su a jere. Mutum yana shiga tsakiyarsu ya ɗaga sanda mai nauyi, ko a tsaye yana tsuguno yana miƙewa, ko a kwance bisa benci yana turawa sama. Babban amfaninsa shi ne in nauyin ya fi ƙarfinka, ƙarfe ne zai tare shi kafin ya sauka a wuyanka ko ƙirjinka. Sauran abubuwan da ake maƙala masa duk ƙari ne a kan wannan.

A Wurno da Rabah da Goronyo da wuya ka samu wurin motsa jiki mai irin waɗannan kaya, kuma zuwa Sakkwato sau biyu a mako saboda wannan kawai ba abu ne mai yiwuwa ga yawancin mutane ba. Shi ya sa masu sha'awa suke komawa ga mai walda. Hakan ba laifi, muddin ka san abin da za ka ce ya yi maka.

Kana bukatarsa kuwa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ban da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici kamar tafiya da sauri. Wannan ya haɗa da masu hawan jini da masu ciwon suga. Tsoka mai ƙarfi tana taimakawa wajen rage suga a jini, tana riƙe ƙashi, tana rage faɗuwa ga tsofaffi.

Amma ƙa'idar ba ta ce sai da keji ba. Manomin da ke wuni a fadamar Rima yana ɗora buhunan albasa da shinkafa a mota ya riga ya samu nauyi fiye da kima. Shi koyon ɗagawa da gwiwa maimakon ƙugu ya fi yi masa amfani. Waɗanda suka fi bukata su ne malamin makaranta, ma'aikacin sakatariya, ɗan kasuwar da ke zaune a shago tun safe, da dattijon da ya ajiye noma jikinsa ya fara saki. Su ma za su iya farawa da jarka: lita 10 ta ruwa kilo 10 ce. Keji yana zama dole ne idan nauyin ya kai wanda ba za ka iya yar da shi lafiya ba in ya gagare ka.

Abin da za ka faɗa wa mai walda

Kejin kamfani masu ƙwari ana yin su da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗin inci 2 zuwa 3, kaurin jikinsa kusan milimita 3. Bututun da ake yin ƙofa da taga da shi ya fi wannan siranta ƙwarai, kuma shi mai walda zai ɗauko in ba ka yi magana ba, don ya fi araha. Kada ka yarda. Tsayin ginshiƙai ya kai kamar mita 2 da ɗan ɗori. A huda ramuka da injin huda, tazarar santimita 5, kuma ramukan ginshiƙai huɗun su zo daidai da juna. Ramin da aka ƙona da wutar walda ba ya fita daidai, sanda kuma za ta zauna a karkace.

Sayi sandar ɗagawa kafin a yanka ƙarfe. Babbar sanda irin ta gasa kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, kuma tsakanin wuraren zura nauyi akwai mita 1.31, don haka faɗin kejin daga waje kada ya wuce kamar mita 1.2. Rodin gini ba sandar ɗagawa ba ne, yana lanƙwashewa.

Kada a kafa keji a kan rairayi ko daɓen da ya farfashe. A zuba kankare, a ɗaure ƙafafun da noti. A goge bakin walda, a yi fenti, domin yankan tsohon ƙarfe mai datti yana iya kawo cutar tetanus. Kafin ka shiga ciki, ɗora wa sandunan kariya buhunan yashi da suka fi abin da za ka ɗaga nauyi, ka ga ko wani wuri ya motsa.

Kayan da ake maƙalawa

Sandunan kariya guda biyu su ne farko, kuma kejin da babu su rataya ce kawai. Su zama ƙarfe cikakke marar rami, kaurin inci 1, su ratsa daga ginshiƙin gaba zuwa na baya. Wajen tsuguno, a sa su ƙasa kaɗan da inda sanda ke kaiwa idan ka sauka. Wajen kwanciya a benci, a sa su yadda in ka saki numfashi ka kwantar da ƙirji, sanda za ta sauka a kansu ba ta taɓa maƙogwaronka ba. Gwada wannan da sanda zalla tukuna. Haɗarin da ya fi muni a ɗaga ƙarfe a gida shi ne sanda ta danne wuyan wanda ke kwance shi kaɗai.

Sai ƙugiyoyi biyu da sanda ke hutawa a kai. Su kasance masu shiga rami su kulle, a sa su ƙasa da kafaɗa kaɗan don kada ka yi ɗage kafin ka ɗauko.

Ga marar lafiya, abin da ya fi komai amfani bayan waɗannan shi ne robar ja da ƙaramar taya mai juya igiya, irin ta jan guga a rijiya. Da su za a iya fara aiki da kilo 1 ko 2, a zaune kan kujera, kuma ginshiƙin kansa abin dafawa ne ga tsoho mai koyon tashi da zama. Mata ma wannan ya fi musu sauƙin farawa a cikin gida. A riƙa duba robar, zafin rana yana tsattsaga ta, in ta tsinke kuma fuska take nufa.

Sandar sama ta jan jiki tana da kyau in an ɗaure kejin a ƙasa. Hannuwan da ake dafawa a sauka a tashi kuwa suna matsa wa kafaɗa. Mai ciwon kafaɗa ya bar su. In nauyin siminti ne da aka zuba a gwangwani, kai su kan sikeli ka tabbatar ɓangarorin biyu daidai suke.

Wanda zai fara ganin likita

Idan kana da hawan jini, auna kafin ka fara. In ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa, kada ka ɗaga komai, je asibiti. In yana daidai da magani, ɗauki nauyin da za ka iya maimaitawa sau 10 zuwa 15, ka fitar da numfashi lokacin turawa. Riƙe numfashi da yunƙuri yana harba jini sama nan take, yana kuma tayar da gwaiwa da basir.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide ya ajiye dabino ko sukari kusa, kada ya yi da yunwa, kuma ya sa takalmi. In ciwon ya taɓa ido, nauyi mai yawa yana iya sa jini ya zuba a cikin idon, sai likitan ido ya ba da izini. Mai sikila ya kiyayi ƙishirwa da gajiya mai tsanani, kuma in yana ciwon kwatangwalo a duba shi kafin ya yi tsuguno da kaya. Mai juna biyu, da wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, da duk wanda aka yi wa aikin ciki ko na gwaiwa, su jira maganar likitan da ke duba su. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, masana gashi da motsa gaɓɓai ne za su tsara masa abin da zai yi. Babban asibitin ƙaramar hukumarku zai iya tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a Sakkwato, sannan a ci gaba a gida da ɗan'uwa a tsaye kusa.

Zafi, azumi da alamun haɗari

Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin nan yana haura digiri 40. Yi aikinka bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, ƙarƙashin rumfa mai iska, ba cikin ɗakin kwano a rufe ba. Da azumi, bari sai bayan buɗa baki ka sha ruwa. Bar kwana ɗaya aƙalla tsakanin aikin tsoka ɗaya, kuma kada ka sha tramadol ko ƙwayoyin gina jiki don ka ƙara nauyi. Idan ka gama, sauke sandar ƙasa, domin yara suna son lilo da ita.

Tsaya nan take ka nemi asibiti in ka ji ciwon ƙirji, jiri, ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ciwon baya mai sauka ƙafa tare da mutuwar jiki, ko kumburi a matsematsi mai zafi da ya ƙi komawa. Haka in fitsari ya koma baƙi kamar shayi bayan aiki mai tsanani, alama ce tsoka ta lalace kuma ƙoda na cikin haɗari. Kada ka ɗauka tsargiya ce don kawai ana yawan samunta a garuruwan da ke kusa da dam ɗin Goronyo da gonakin rani na Wurno. Gwajin fitsari da na jini ne zai bambance su.