Gado da Ɗakin Likita: Yadda Aka Raba Jinyar Tsofaffin Amurka Gida Biyu

Ranar 30 ga Yuli, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya tafi takanas garin Independence da ke jihar Missouri domin ya sa hannu a dokar Medicare a gaban tsohon shugaba Harry Truman. Karramawa ce ga mutumin da ya nemi majalisa ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa tun a 1945 amma ya sha ƙasa a hannun Ƙungiyar Likitocin Amurka. Truman ne ya karɓi katin farko. Shirin da aka sa shi ciki kuwa ya zo ne a rabe: Sashen A na kuɗin kwanciya asibiti, Sashen B na ganin likita da gwaje-gwaje da duk jinyar da ake yi a koma gida.

Babu wani dalili na likitanci da ya haifar da wannan rabo. Siyasa ce zalla. Ƙudurin da 'yan jam'iyyar Democrat suka daɗe suna turawa ya tsaya ne a kan kuɗin asibiti kawai, don sun san taɓa aljihun likitoci daidai yake da tsokano tsuliyar dodo. Sai 'yan Republican suka mayar da wannan taka-tsantsan abin suka. John Byrnes, ɗan majalisa daga Wisconsin, ya kawo nasa ƙudurin: inshora ta ganin dama, wadda tsoho zai riƙa biyan wani abu kowane wata gwamnati ta cika, kuma ta haɗa da kuɗin likita. Manufarsa ita ce ya maye gurbin na gwamnati da shi.

A farkon Maris na 1965, Wilbur Mills, shugaban kwamitin haraji na Majalisar Wakilai, wanda shi kansa ya shafe shekaru yana danne shirin, ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Ya ce a haɗa su duka. Ƙudurin gwamnati ya zama Sashen A, na Byrnes ya zama Sashen B, tallafin jinyar matalauta kuma ya zama Medicaid. Da makamin 'yan adawa ya rufe musu baki.

Shi ya sa har yau Sashen B yake ɗauke da kamannin inshorar kasuwa. Sashen A haƙƙi ne da ma'aikaci ya saya da harajin albashinsa na shekaru goma. Sashen B na ganin dama ne, kuma sai ka biya. Da aka fara aiki da shi ranar 1 ga Yuli, 1966, kuɗin wata dala 3 ne, majinyaci ya fara biyan dala 50 na farko a shekara, daga nan ya ɗauki kashi 20 cikin ɗari na abin da ya biyo baya. A 2025 kuɗin wata ya kai dala 185, na farkon shekara dala 257. Kashi 20 ɗin nan kuwa bai motsa ba, kuma a tsarin asali ba shi da iyaka.

A nan ne, a ganina, yarjejeniyar ta tsufa. A 1965 babbar jinya tana nufin gado, ganin likita kuwa ƙaramin kashe kuɗi ne. Yau wankin ƙoda, da allurar kansa, da tiyatar yanar ido, da ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, galibi ana yin su mutum ya kwana a gidansa. Kashi 20 na kuɗin ganin likita ba komai ba ne; kashi 20 na maganin kansa na wata shida yana iya cinye abin da mutum ya tara a rayuwarsa. Wannan ne ya sa miliyoyin tsofaffi suke sayen ƙarin inshora ko su koma tsarin Medicare Advantage na kamfanoni. Haƙori da tabarau da na'urar ji, abubuwan da tsufa ya fi taɓawa, an bar su a waje tun farko. Magungunan sha a gida sai a 2006 suka samu nasu sashen.

Layin da Mills ya ja yana haifar da abin al'ajabi ma a cikin asibiti. Tsohuwa tana iya kwana biyu a kan gado, amma idan an rubuta cewa ana sa mata ido ne kawai, a doka ba a kwantar da ita ba. Sashen B ne zai biya, kuma kwanakin ba za su shiga cikin ukun da ake buƙata kafin a ɗauki nauyin zamanta a gidan farfaɗowa ba.

Kasancewarsa na ganin dama ya zo da tarko. Wanda ya cika shekara 65 ya yi jinkirin shiga ba tare da inshorar wurin aiki ba, za a ƙara masa kashi 10 a kan kowace cikakkiyar shekara da ya ɓata, kuma ƙarin zai bi shi muddin yana cikin shirin. Masu ɗauko iyaye zuwa Amurka kuma su sani cewa mai katin zama na dindindin da bai yi aiki a can ba sai ya zauna shekara biyar a jere kafin ya samu damar saye, sharaɗin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1976.