Tarihin Saƙar Safar Hannu Mai Launi a Ƙasar Latbiya

Gabatarwa

Latbiya ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, a gaɓar Tekun Baltik, babban birninta kuwa shi ne Riga. Sanyinta yakan kai ruwan kogi ya daskare, don haka safar hannu ta zama tilas ga manomi da masunci. Irin wadda za mu yi bayani a kanta ita ce mai haɗe yatsu huɗu a aljihu guda, babban yatsa kaɗai ke da nasa gurbi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda wannan ɗan ƙaramin tufa ya zama ma'aunin mutuncin amarya, daga bisani kuma ya zama taskar tarihin al'umma.

Asalin sana'ar

Saƙa da tsinkaye ba a Turai ta fara ba. Tsofaffin saƙaƙƙun kaya da masana suka tabbatar an same su ne a Masar, wato safar ƙafa ta auduga mai fari da shuɗi, daga tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 13, wasu har da rubutun Larabci a jikinsu. Daga ƙasashen Musulmi sana'ar ta shiga Andalus, ta bazu cikin Turai, har ta isa ƙasashen Baltik, inda aka mayar da ita kan zaren ulu na gashin tumaki.

Yadda ake saƙar

Mace takan riƙe siraran tsinkaye biyar masu tsini biyu, tana saƙa tana zagayawa, ta yadda safar za ta fito ba ɗinki. A kowane layi takan tafi da zare kala biyu ko fiye. Wanda ba a buƙatarsa a fuska sai ta ja shi ta ciki har gurbinsa ya zo. Wannan dabara ita ke fitar da zane a waje, ta kuma ninka kaurin safar a ciki. Ke nan adon shi ne ɗumin. Bakin safar akan yi masa geza ko tufka, kanta kuma a tsuke shi ya yi tsini.

Da farko da ganyaye da saiwoyi da ɓawon itace ake rina zaren. Bayan da William Perkin ya gano rinin kimiyya a Ingila a 1856, sai launuka masu ƙyalli suka iso kasuwannin ƙauye, safar ta ƙara armashi. Kowane yanki, kamar Kurzeme da Latgale, yana da launuka da zanen da ake gane shi da su. A cikin zanen akwai rana, da tauraro mai tsini takwas, da zangarniya tagwaye wadda suke kira Yumis, alamar albarkar gona. Sai dai malamai su lura cewa da yawa daga fassarorin da ake ba waɗannan alamu a yau an tsara su ne a shekarun 1920, ba lallai ne haka masaƙan dā suka fahimce su ba.

Safar hannu da aure

A nan ne sana'ar ta fi nauyi. Tun yarinya tana ƙarama take fara saƙa tana tarawa a akwatin aurenta. Kafin biki sai ta tara gommai, a gidan masu hali ma fiye da ɗari. Idan saurayi ya zo neman aure ta ba shi safa, to ta amince ke nan.

Ranar da aka kai ta gidan miji, sai a buɗe akwatin a bainar jama'a. Ta ba uwar miji, ta ba uban miji, ta ba ƙannensa da yayyensa, har waɗanda suka ɗauko akwatin. Takan kuma ajiye wasu a bakin rijiya da murhu da garken dabbobi, don neman zama lafiya a sabon gida. Mai karatu zai ga kamar gara ce a wurinmu, sai dai ita wannan da hannun amarya aka yi ta. Dangin miji sukan duba tsantsar saƙar da daidaiton zanen, su yanke hukunci kan haƙurinta da tarbiyyar gidansu. Wadda ta zo da kaɗan, ko da saƙa sako-sako, ta jawo wa uwarta magana. Ko a jana'iza akan ba masu haƙa kabari da masu ɗaukar gawa safa.

Yadda ta zama tarihi

Manoman Latbiya sun daɗe suna bauta a gandayen iyayengiji Jamusawa. Ba a 'yanta su ba sai a 1817 da 1819, na Latgale kuwa sai a 1861. Matan da suka rayu a wannan hali ba su bar littafi ba, saƙarsu ce shaidarsu. Waƙoƙin gargajiya da Kirishyanis Barons ya tattara, aka buga tsakanin 1894 da 1915, suna yawan ambaton safar hannu. Bayan samun 'yancin kai a 1918, gidajen tarihi suka dage wajen tattara safunan ƙauyuka, ana rubuta gundumar da kowace ta fito.

Wannan aiki ya yi rana. Tarayyar Sobiyat ta mamaye ƙasar a 1940, ba ta dawo da 'yancinta ba sai a 1991, masana'antu kuma suka cika kasuwa da safar inji. Amma da yake an adana zanen, masaƙa a gida da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Amurka da Kanada sun sami abin kwaikwayo. Lokacin taron ƙungiyar tsaro ta NATO a Riga a 2006, an saƙa wa baƙi safa kimanin 4,500 da hannu.

Kammalawa

Abin da ya ceci wannan sana'a shi ne an tattara ta tun masu ita suna raye. Mu ma muna da aska takwas a wuyan riga, da zane-zanen hula, kowane da sunansa. Ya kamata malaman makaranta su sa ɗalibai su tambayi dattawan unguwa waɗannan sunaye, su zana su, su rubuta garin da aka samo kowane.